Gashin da Kawu Ya Mayar Ruwa

Da sunan Allah Mai rayawa, Mai kashewa, nake buɗe wannan takarda. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Shekarar da hanyar jirgin ƙasa ta isa Ngaundare, har shanun arewa suka fara sauka Yawunde a cikin tarago maimakon su tako da ƙafa, a shekarar ne Allah Ya karɓi ran Kawuna, wan mahaifiyata. Da hantsi ya cika, a ɗakinsa a nan unguwar Briketeri ta Yawunde, ana yayyafi. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na zauna a tabarmar makoki na saurari masu gaisuwa, sai na ga ba mutum biyu da bakinsu ya zo ɗaya a kan ko wane ne muka binne. Ni ma da nake rubutun ban gama sani ba. Amma abin da na gani zan faɗa, don kada a manta da shi.

Wani mahauci ya zo daga unguwar Elig-Edzoa, ya shafa fatiha, ya ce, "Allah Ya jiƙan likita."

Telan da ke kusa da shi ya ce, "Amin. Amma wane likita? Kwalabe fa yake wankewa."

"Ni da idona na sha ganinsa da farar riga yana karɓar hanta a mahauta."

"In karɓar hanta ne likitanci, ai mai tsiren bakin masallaci ya fi shi difloma."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, aka tuna inda ake, aka yi shiru. Can sai ga abokan aikinsa, 'yan kudu, Kiristoci, cikin kwat, ɗayansu rungume da furanni. Tun daga bakin titi suka cire takalma, suka tako taɓo da safa. Ba wanda ya san abin da ake yi da furanni a makoki. Suka yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, daga ƙarshe aka jingine su bayan butoci, akuyar maƙwabta ta same su. Babbansu ya yi dogon jawabi da Faransanci, idonsa ya kawo ƙwalla. Wanda ya fassara mana ya ce, "Wai tun da suke, ba su taɓa samun datti a aikin da ya bi ta hannunsa ba." Muka ce Allah Ya saka da alheri, ba tare da mun san wane irin datti ake nufi ba.

Mutum ɗaya ne bai hau tabarmar ba, shi ne Baba Wanzam, wanda ƙofarsa ke kallon ta Kawu, lambatu kawai ya raba su. Ya bi gawa, ya tsaya a sahun ƙarshe. Da Liman ya juyo ya tambaya ko akwai mai bin marigayi wani abu, ya faɗa ko ya yafe, duk manyan unguwa suka saci kallon sahun nan. Baba Wanzam bai ce yana bi ba, bai ce ya yafe ba. Aka dawo, ya shige gidansa ya saki labule.

Da yamma matar Kawu, wadda muke kira Inna, ta aiko a kira ni ciki. Ta nuna mini ƙarƙashin gado da haɓa. Na jawo akwatin katako, na gane shi tun kafin in ɗaga murfin. Ƙananan kwalabe ne jere a ciki, sun fi ashirin, kowace da ruwa garau kamar na sha.

"Ka san mai su," in ji Inna. "Kawunka ya ce kada a zubar, na mutumin can ne. Ni kuwa ba zan yi takaba ni da su a ɗaki ɗaya ba. Yana raye na haƙura. In aka yi sadakar uku bai zo ya ɗauka ba, wallahi lambatu za su."

"Inna, amana ce fa. In aka zubar, tana wuyan Kawu har ranar tsayuwa."

"To ai kai ne malamin. Je ka gaya wa wancan."

Wanda bai zauna a unguwarmu ba ba zai gane wannan magana ba, sai na koma baya.

Kawu ɗan mahauta ne. Kakanninmu daga ƙasar Kano suka gangaro da fatauci, amma shi a nan aka haife shi, a nan ya koyi fiɗa. A kan tudu akwai wani ɗakin bincike da ake ce wa labo, inda ake neman sanin abin da ke ramar da shanun arewa. Suna bukatar sabuwar hanta, shi ke kai musu. Wata Bafaransa ce ke riƙe da ɗakin, kowa Madam yake ce mata. A hankali daga kai hanta ta sa shi wankin kwalabe, daga wanki ta sa shi aikin kansa, har ya tsufa a ciki.

Sau ɗaya na taɓa shiga, ranar da na kai masa albishir ɗin haihuwar ɗana na fari. Ya tare ni a bakin ƙofa. Kafin ya ce barka sai da ya sa na cire zoben azurfata, ya ce in sa hannuwana a aljihu, kada in fitar. Ya bayyana mini cewa a cikin naman kowace dabba, da na ɗan Adam ma, akwai ƙarafa, jan ƙarfe da tutiya da dalma, amma kaɗan ƙwarai, ido ba ya gani. In wani ya yi ƙaranci dabba ta rame, in wani ya yi yawa ta mutu. Madam ce ke aunawa. Shi nasa aikin ya shirya naman yadda zai aunu, ba tare da wani ƙarfe daga waje ya shiga ba.

Don haka ba ya yanka da wuƙar ƙarfe, wai wuƙa tana barin kanta a jikin nama. Da wata wuƙar roba yake yankawa. Ya busar da naman a tanda, ya niƙa a ɗan turmin dutse, ya auna a wani sikeli da ke cikin gilashi wanda numfashi ma ke motsa shi. Sa'an nan ya zuba masa asid, wani ruwa mai ƙuna da ke cinye nama, ya ɗora a wuta ƙarƙashin wani bututu mai janye hayaƙi. Hayaƙin ya tashi ja-ja, naman ya yi ta narkewa har ya koma ruwa garau. Kwalaben kuwa sai sun kwana cikin asid, a ɗauraye su da ruwan da aka tara daga tururi, a sake ɗaurayewa, a sake, har ka ji tausayin kwalbar.

Na ga wata a kan wuta ba nama a cikinta, na tambaya.

"Wannan ba komai a cikinta," in ji shi. "Duk abin da aka yi wa sauran an yi mata, nama ne kawai babu. In aka auna aka sami ƙarfe a cikinta, to ni na yi ƙazanta, sai a zubar da aikin duka."

"Kawu, babu ke nan kake dafawa."

"E, kuma ita na fi tsoro."

Na fito ban fi yadda na shiga ganewa ba. Kakana ma har ya mutu bai gane ba. Yakan ce, "Na haifi mahauci, an mayar mini da shi mai yanka da roba. Hantar da za ta ƙosar da gida ya ƙone ta ta zama ruwa, wai aiki."

Aikin ya biyo Kawu gida. In aka miƙa masa ruwa ko tuwo ko goro, kafin bisimilla sai ya tambaya, "Me ya taɓa shi?" Yaran unguwa har suna suka sa masa da haka. Bai taɓa jin haushi ba, yakan juyo ya ce, "To, me ya taɓa shi?" su watse da dariya. Inna ce kawai ba ta dariya, don ita ke ɗauraye kofinsa sau biyu yana tsaye a kanta.

Amininsa a duniya shi ne Baba Wanzam. Tare suka yi karatun allo. Duk safiyar Juma'a Kawu ya tsallaka lambatu ya zauna a tabarmarsa a yi masa aski, mu kuma da ke jiran layi mu sha kallo.

"Na-kwalba, sunkuyo. Wannan makon babu nawa ka dafa?"

"Sarkin Aska, wannan askar taka me ya taɓa ta?"

"Kan Liman ya taɓa ta. Ko ka fi shi tsarki ne?"

Haka suke, har wata damina da ciwo ya shigo lungunmu. Yara ƙanana yake kamawa. Ciki ya murɗe, yaro ya daina cin abinci, ya yi fari, wani ya fara suma yana taune harshe. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce maita. A ƙarshen lungun kuwa akwai wani fili inda samari ke fasa tsofaffin batiran mota suna narka dalmar ciki, yara na wasa a tokar. Kawu ya gaya wa Madam. Ta ce ba za ta iya cewa komai ba sai ta auna, kuma abin da ke cikin jini yana fita ta gashi. A kawo mata gashin yaran.

To a nan gizo yake saƙa, in ji masu magana, amma ni ba zan ce haka ba, don ba wasa ba ne. Mu ba ma ba da gashi. Gashi da farce in an yanke binnewa ake yi, don jikin ɗan Adam ne, kuma kowa ya san abin da mugu ke iya yi da su. Ba uwar da za ta miƙa gashin ɗanta mara lafiya a kai wa Nasara. Mutum ɗaya ne a unguwar hannunsa ke taɓa kan kowane yaro tun ranar suna ba tare da an ji tsoro ba, shi ne Baba Wanzam.

Ina wurin ranar da Kawu ya yi maganar, rabin kansa da kumfa.

"Sarkin Aska, gashin yaran nan nake so. Kaɗan, daga ƙeya."

Baba Wanzam ya ɗaga askar. "Ka san abin da kake faɗa kuwa? Tun da na gaji wannan daga ubana, ban taɓa aske yaro na bar gashinsa ya kwana a waje ba. A tafin uwarsa nake sa shi, ta je ta binne."

"In dalma ce ke cin su, a gashin za a gani. In an gani a san abin da za a hana."

"In an gama gani, a dawo mini da shi?"

"A dawo maka da shi."

"Kowane yaro da nasa?"

"Kowa da nasa."

"Ka ce wallahi."

Kawu ya ce wallahi.

Washegari ya kawo wani almakashi mai ƙyalli a naɗe, da ƙananan ambulan, ya ce da shi za a yanka, ba da aska ba, kuma kada a shafa wa yaro mai. Baba Wanzam ya riƙe almakashin da yatsa biyu kamar mataccen ɓera, ya ce, "Da tsufana ka mayar da ni tela." Amma ya karɓa. Ya bi gida-gida. Ya fara da jikanyarsa, 'yar ɗansa, yarinya da ba ta daɗe da yaye ba, wadda ita ma ke kwance, don iyaye mata su gani. A kowace ƙofa abu ɗaya yake faɗa: "In gashin ɗanki bai dawo hannunki ba, kada ki ƙara kirana askin suna." Suka ba shi.

Kafin Madam ta gama awo, jikanyar ta rasu.

Bayan an binne ta, Baba Wanzam ya tsallako ya ce a ba shi gashinta ya kai mata. Kawu ya ce gobe. Goben ta yi, ya ce jibi. Rannan da la'asar ya sauka daga taksi rungume da akwatin katakon nan, ya ajiye a tabarmar aski ya buɗe.

Baba Wanzam ya leƙa. "Ina gashin?"

"Shi ne wannan."

"Wannan ruwa ne."

"A ciki yake. Ya narke ne. Wannan ragowar da aka auna ce, zubarwa za a yi na roƙa aka bar mini. Kowa da tasa kwalbar, ga lamba a jiki. Ka ga wannan, ita ce ta…"

"Sauke yatsanka." Bai ko kalli inda ake nunawa ba. "Abin da na ba ka da hannu ake riƙe shi. Ka kawo mini abin da na ba ka. Me zan kai wa matan nan? In ce musu ga 'ya'yanku a kwalba?"

"Aminina…"

"Ɗauke mini shi daga tabarma."

Daga baya na tambayi Kawu ko tun farko ya san haka za a yi. Ya ce a aikin hanta kullum ana rage saura, ya zaci haka za a rage rabin gashin. Amma gashin yara ba shi da nauyi. Da aka wanke shi aka sake wankewa don a fitar da ƙura da mai, aka busar, aka ɗora a sikeli, Madam ta ce in ba a sa duka ba awon ba zai nuna komai ba. "Ba ita ta zuba asid ɗin ba," in ji shi. "Ni ne. Na tsaya, na tuna wallahin da na yi, na tuna yaran da ke kwance, na zuba." Mahaifiyata har ta bar duniya tana cewa ɗan'uwanta ya yi daidai. Inna tana cewa mutumin da ya yi shekara da shekaru yana narkar da nama ba zai ce bai sani ba tun ranar da ya rantse. Ni nakan bi wannan yau, gobe in bi waccan.

Abin da ba shakka a cikinsa shi ne abin da ya sami Baba Wanzam. Magana ta bazu cewa ya sayar wa Nasara gashin yara. Matan suka riƙe shi da kalmarsa, suka daina kiransa askin suna. Wani wanzami da ya zo daga garin Marwa ya kwashe aikin unguwa. Mutumin da ba a raɗa suna sai ya iso ya koma zaman jiran tsofaffi biyu-uku da ba su bar shi ba.

Na raka Kawu wajen Liman da akwatin. Liman ya ɗauki kwalba ɗaya, ya ɗaga ta ga haske, ya girgiza, ya kai hanci, Kawu ya yi maza ya riƙe hannunsa ya ce tana ƙuna.

"Yanzu wannan gashi ne ko ruwa?" in ji Liman.

"Gashin na ciki, Allah gafarta Malam, amma ba ya fitowa."

"In gashi ne a binne. In ruwa ne a zubar. Ni ban taɓa karanta inda aka yi maganar wanda yake duka biyun ba." Ya juyo gare ni. "Kai ka taɓa gani?" Na ce ban taɓa ba. Sa'an nan ya ce rantsuwa dai tana da kaffara, Kawu ya ciyar, tsakaninsa da Ubangijinsa ke nan. Amma amana ana mayar da ita yadda take. In ta salwanta a biya da irinta ko ƙimarta, gashin yarinyar da ta mutu kuwa ba shi da iri, ba shi da ƙima. "Sai dai mai abu ya karɓi wannan a matsayinsa, ko ya yafe. Ban san hanya ta uku ba."

Awon kuwa ya fito. Kawu ya ce akwai wani koren ruwa da ake ɗigawa, in da dalma sai ya juya ja, kuma da yawa daga kwalaben sun yi ja. 'Yan sanda suka zo suka kori masu fasa batir, aka ce sun koma can bayan unguwar Ekudu. Ciwon ya lafa. Amma a daidai lokacin ne damina ta ɗauke, kuma a daidai lokacin ne muka yi saukar Alƙur'ani a masallaci saboda yaran. Kowa ya ɗauki dalilin da ya fi kwanta masa a rai. Ba wanda ya zo ya yi wa Kawu godiya, ba wanda ya je ya ba Baba Wanzam haƙuri.

Madam ta kuma ce har tozalin da ake ranbaɗa wa jarirai akwai dalma a cikinsa. Wannan ya tayar wa Kawu hankali, don akwai wata tsohuwa a bakin kasuwa, ba ɗa ba jika, da tozali take ci. Ba ya so a saya, ba ya so ta kwana da yunwa. Sai ya riƙa zuwa yana saye mata duka, ya kai labo a zubar. Tsohuwa ta ga kasuwa ta buɗe, ta aika arewa a ninka mata kaya. Tana gaya wa kowa, "Bawan Allahn nan matarsa ta iya kwalliya." Ya yi ta saye har ta rasu, bai taɓa iya buɗe baki ya gaya mata ba.

Tun daga rannan Kawu bai ƙara zama gaban wani wanzami ba. Da reza yake aske kansa, ba madubi, ya zo masallacin Juma'a da yanka nan da can a ƙeya. In aka ce ga na Marwa, ya ce, "Ina da wanzami." Duk safiyar Sallah kuma, bayan an sauko idi, ya ɗauki akwatin ya tsallaka lambatu ya yi sallama. Baba Wanzam ya amsa sallamar, don hakki ce. Kawu ya buɗe, ya nuna kwalbar jikanyar da yatsa. Baba Wanzam ya kalli sama, ya ce, "Ba shi na ba ka ba." Kawu ya rufe ya dawo. Yaran da gashinsu ke ciki suka girma, wasu suka shiga lekol, wato makarantar boko, wasu suka kama ɗinki, ba wanda a cikinsu ya damu. Tsofaffin nan biyu ne kawai.

Tari ne ajalin Kawu. Wasu sun ce hayaƙin asid ne, Allah ne masani. Yana kwance ya ce mini takardun jikin kwalaben sun fara cinyewa, shi dai ya san ta jikanyar Baba Wanzam da inda take zaune. Na ce ya nuna mini, saboda halin rai. Ya ce, "Ba kai zan nuna wa ba." Na bar maganar, ina ganin da sauran lokaci.

To wannan shi ne akwatin da Inna ta ba wa'adi.

Washegarin jana'iza da hantsi na tsallaka. Na tarar da Baba Wanzam yana wasa askar da ba wanda zai aske da ita. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, Inna ta ce bayan sadakar uku za ta zubar."

"Ta zubar mana. Ruwa ne."

"In ruwa ne, Baba, me ya sa ba ka ce ka yafe ba?"

Ya ci gaba da wasa aska. Na jira har ƙafata ta yi sanyi. Da na miƙe ya ce, "Ya sha wahala a ƙarshe?" Na ce tarin ya matsa masa, amma da kalmar shahada ya cika. Ya gyaɗa kai. Ban san ko na yi nasara ko na ɓata ba.

Ranar uku aka yi addu'a, aka raba gumba, mutane suka fara miƙewa. Inna ta turo yarinya ta ce in shigo in fitar da kaya. Na fito da akwatin ina tsaye a zaure ban san inda zan nufa ba, sai ga Baba Wanzam ya ɗaga labulensa, ya tsallako lambatu. Bai kalli kowa ba. Ya zauna a bakin tabarma, ya ce, "Buɗe."

Na buɗe. Takardun jikin kwalaben duk sun yi ja sun ruɓe, wasu sun faɗi ƙasan akwatin, ba lambar da ke karantuwa.

"Wacce ce tata?"

Na ce ban sani ba. Ya ɗaga murya ya tambayi Inna ta bayan labule. Ta ce, "Ni ko taɓa su ban taɓa yi ba." Telan nan ya ce shi kamar ya taɓa ganin marigayi na nuna ta gefen dama. Wani ya ce dama daga ina, daga wajen mai nunawa ko mai kallo? Aka fara gardama, Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru.

Baba Wanzam ya ɗauko ɗaya ya ɗaga ta ga haske, ya mayar. Ya ɗauko wata. Duk ɗaya suke.

"Kowace Sallah sai ya nuna mini," in ji shi, ba da kowa yake ba. "Kowace Sallah. Ni kuma ina kallon sama."

Na ce, "Baba, ko a je labo a tambaya…"

"A tambayi wa? Wanda ya sani ga shi can kwance." Na zaci ajiyewa zai yi ya tafi. Sai ya mayar da murfin, ya danna da tafinsa. "To ai duk nawa ne. Ba wanda ba hannuna ne ya yanke shi ba. Ɗauko fartanya."

Na ce a tsayar da taksi, ya ƙi. Na ce in ɗauka masa, ya ƙi. Ya rungumi akwatin a ƙirji, muka taka, ni a baya da fartanya, yana tsayawa yana hutawa. A maƙabarta ya nemi kabarin jikanyar, ciyawa ta rufe ɓangaren yara, ya kewaya ya sake kewayawa, daga ƙarshe ya tsaya inda ya fi zato. Na haƙa rami mai zurfi. Ya jera kwalaben da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunayen yaran da ya tuna, rayayyu da matacciya, ba tare da ya san wace kwalba ke amsa wane suna ba. Ya mayar da ƙasa, ya daddanna.

Sa'an nan ya taka zuwa sabon kabarin Kawu, wanda ƙasarsa ba ta ko bushe ba. Ya tsuguna wajen kai, kamar yadda yake tsugunawa in zai yi aski.

"Na-kwalba," ya ce, "na karɓa. Ban san ko shi ne ba, amma na karɓa. Ba sauran nawa a wuyanka."

Ya ɗan jira, kamar mai jiran a mayar masa da baƙar magana. Ni ban san abin da ake cewa a irin wannan wuri ba, sai na ce amin a madadin Kawu.

Allah Ya sa hakan ya isa. Allah Ya haskaka kabarin Kawu, Ya sassauta masa tambaya, Ya jiƙan yarinyar, Ya kyautata namu ƙarshen.